Tafiya Dubai, Sin ko Umra: ta hannun ajans ko ta intanet?

Kwanan baya wata ƴar kasuwa mai saida atamfa da leshi ta kira mu a gidan rediyo, ranta a ɓace. Ɗanta ya saya mata biyen jirgi ta intanet, don ya ga ya fi na ajans araha. Ranar tafiya ta isa filin jirgi da jakunkuna biyu, sai aka ce mata biyen nata na jakar hannu ne kawai. Abin da ta biya na kaya a wurin ya cinye rarar da ta samu har ya ɗora. Ba ta gama magana ba wani alhaji ya kira, ya ce shi kuwa ajans ce ta riƙe masa fasfo da kuɗi wata biyu, ba biza ba labari. To, wace hanya ce ta fi ga ɗan kasuwa?

A da babu wannan gardama. Zamanin Air Afrique, wanda ya durƙushe a 2002, sai ka je ofis a rubuta maka biye na takarda. Tun watan Yuni na 2008 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina aiki da irin wannan biye. Yanzu kujerarka tana cikin kwamfutar kamfanin jirgi, ƙarƙashin wata lamba mai haruffa da alƙaluma 6. Ajans da mai talho a hannu duk rijiya guda suke ɗiba. Bambancin shi ne wanda zai tsaya maka in lamari ya ɓaci.

Intanet na da amfaninta. Kana zaune a rumfarka a kasuwar Dole ta Damagaram kana iya gwada farashin kamfani da kamfani: ta Adis Ababa, ta Istanbul ko ta Kazablanka. Za ka ga yadda kuɗi ke sauka in ka matsar da tafiyar da kwana 2 ko 3, kuma babu ladan ajans. Sai dai farashin da ake nunawa da farko ba kullum ne na ƙarshe ba. Akwai biyen da ba ya ɗauke da kaya, akwai wanda ba a canza masa rana, akwai wanda ba a maida kuɗinsa. Biyan ma sai da katin banki irin Visa ko Mastercard. In da yuro ne lissafin a bayyane yake, tunda yuro 1 sefa 655,957 ne, watau sefa 656 in an cike. In da dalar Amurka ne, farashinta na hawa da sauka, banki kuma yana cire nasa.

Akwai kuma maganar suna. Fasfonmu da rubutun Faransanci yake. Wadda aka sani da A'ishatu a gida, Aïchatou ce a takarda. Mahammadu kuma Mahamadou. In yaro ya rubuta yadda ake kiranki a gida, ana iya hana ki shiga jirgi, gyaran kuma da kuɗi.

Ajans ta gari tana rage wannan wahala. Tana duba ko fasfo na da sauran wata 6 kafin ya mutu, tana tuna maka da katin rigakafin shawara, da allurar sanƙarau ga mai zuwa Saudiyya. Bizar Dubai sai da wanda ya tsaya maka can, kamfanin jirgi, otel ko wata ajans. Mai zuwa baje kolin Kanton a Guwanzu, wanda ake yi sau 2 a shekara, daga Afrilu da kuma daga Oktoba, yana bukatar takardar gayyata don neman bizar kasuwanci. Waɗannan ba aikin daren tafiya ba ne.

Ranar wuya ake gane amfanin wanda ke da ofis. A 2020 cutar korona ta tsayar da jirage, an hana alhazan waje zuwa Hajji a shekarar da kuma 2021. A ranar 6 ga Agusta 2023 an rufe sararin samaniyar Nijar, ba a buɗe ba sai 4 ga Satumba, Air France kuma ta dakatar da zuwa Yamai a wannan watan na Agusta. Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da suka saba tashi daga Kano su ma rufe iyaka ya tare su, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A irin wannan hali, wanda ya saya ta shafin dillalai kan ji kamfanin jirgi ya ce masa ya koma wurin wanda ya sayar masa, shi kuwa yana wata ƙasa, sai saƙo da Turanci ko Faransanci. Mai ajans kuwa an san ƙofarsa, an san unguwarsu.

Amma ba duk mai tebur da hoton Ka'aba a bango ne ajans ba. Akwai ƴan tsakani da ba su iya fitar da biye da kansu, sai su riƙe kujera na ɗan lokaci, su buga takarda su ba ka. In ba su biya ba, kujerar ta tashi, takardar ta zama ta ƙunshin ƙosai. Maganin abu ne mai sauƙi: biye na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13. Ka shiga shafin kamfanin jirgin da sunanka da lambar nan mai 6, ka gani da idonka, ko ka sa yaronka ya duba tun kana cikin ofis.

Hajji dai ba a sayensa a talho. Saudiyya na ba kowace ƙasa adadin kujerunta, a nan Nijar kuma hukumar COHO ce ke kula da Hajji da Umra tare da ajans ɗin da ta amince da su. Manhajar Nusuk da Saudiyya ta fito da ita a 2022 tana taimakawa wajen neman izinin Umra da shiga Rauda. Duk wanda ya ce zai kai ka Arfa da bizar ziyara, wahala zai ja maka: a 2025 tarar mai yin Hajji ba izini ta kai riyal 20.000, ga kora da hana shiga ƙasar shekara 10.

Saboda haka, wanda ya saba tafiya, yana da katin banki da bizarsa a hannu, zai iya sayen biyensa ta intanet, gara kuma a shafin kamfanin jirgin kansa. Wadda za ta fita karon farko, ko mai tafiya da tsofaffi, ko mai dawowa da kaya masu nauyi, ajans sananniya ta fi mata. Ko a nan intanet na da rana: ki sa a duba miki farashi tukuna, ki shiga ofis da shi, ki yi ciniki kamar yadda kike yi da dillalan Katako.

Kafin kuɗi su bar hannu, a tambaya: kilo nawa, jaka nawa? Nawa ne canza rana? In an soke jirgi, wa zai maida kuɗi, cikin kwana nawa? A rubuta amsar a resi mai hatimi, da sunan otel da nisansa daga Harami ko daga kasuwa. Kar a aika kuɗin tafiya ga lambar talhon wanda ba a san ofishinsa ba. Jarin da aka tara a shekaru ya cancanci tambayar minti 10. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu da riba.