Tuwon Koyo Ba Ya Rasa Gudaji

Duk gidan da ake cin tuwo an san ba a koyon tuƙi da baki. Kana iya zaunar da yarinya ka jero mata komai: a ɗora ruwa ya tafasa, a dama gari a yi talge, a bar shi ya nuna, a riƙa barbaɗa gari ana juya muciya, a rufe ya turara, sannan a kwashe. Kafin ka rufe baki ta haddace. Amma ranar da aka miƙa mata muciya, tukunya na ɓararraka, hayaƙi na shiga ido, talge na fallatsa a hannu, za ta tarar duk abin da ta haddace babu wanda zai gaya mata ko gari ya isa. Nauyin muciya ne ke faɗin wannan, kuma hannu ne kaɗai ke jin sa. Shi ya sa uwa ba ta doguwar magana a madafa. Takan tsaya a bayan 'yar, ta ɗora hannunta a kan nata su juya tare, sannan ta ce, "Kin ji yadda ya kama? To, ya isa haka."

Saƙa ma haka take. Ina ganin wannan ne sirrin wasu ƙungiyoyin masaƙa da ke garuruwan Amurka da Birtaniya, waɗanda babban aikinsu shi ne zaunar da baƙo a gaban kayan saƙa su bar shi ya taɓa da hannunsa.

Ƙungiyoyin sun daɗe. Ta birnin Boston an kafa ta a 1922, ta jihar Minnesota a 1940. A Birtaniya ƙungiyoyin masu saƙa da kaɗi da rini sun haɗu ƙarƙashin uwa ɗaya a 1955, kuma yau sun haura ɗari. Amurka ta kafa tata uwar ƙungiyar a 1969. Mai karatu ya lura da shekarun nan, domin duk bayan mutuwar saƙar hannu ne a ƙasashen. Tun 1785 Edmund Cartwright ya fito da injin saƙa. A wajen 1820 masu saƙar auduga da hannu a Birtaniya sun kai kimanin 240,000, amma shekara arba'in bayan nan sun koma 'yan dubbai, da yawansu talauci ya kora su masana'anta. Ɗa ya daina gadon uba, domin babu abin gada. Waɗanda suka kafa ƙungiyoyin nan sun tarar da sana'a ba ta da gida, sai suka gina mata ɗaki suka bar ƙofa a buɗe. Malamar makaranta, da ma'aikacin jinya, da tsohon da ya yi ritaya, kowa na iya biyan kuɗin zama ya shigo, ko da kakansa bai taɓa riƙe ƙoshiya ba.

Abin da ake yi a zaman koyon ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba abin da baƙo ke zato ba ne. Yakan zo da ɗokin jefa ƙoshiya, sai a ce masa tukuna. Rabin aikin farko duk wadari ne. Zai ƙirga zaren da faɗin ƙyallensa ke buƙata, ya auna tsawonsu a kan turaku, ya kiyaye inda zaren ke gittawa don kada jerin ya rikice. Sai ya zura kowane sili ta idonsa a allera, ya sake zura shi ta haƙoran matsefi, ɗaya bayan ɗaya, sili ɗari biyu ko fiye don ɗan mayafin wuya kawai. Idan ya tsallake ido ɗaya, kuskuren zai bi ƙyallen tun daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne talgen saƙa. Matan gida sun san talgen da bai nuna ba babu tuƙin da zai gyara shi, tuwon zai yi gari a baki ko da an kwana ana juya muciya.

Bayan nan sai ɗaure zaren, kuma a nan ne takarda ke gazawa ƙwarai. Malama za ta ce wa mai koyo ya rufe ido ya shafa tafin hannunsa a kan zaren daga wannan gefe zuwa wancan. Inda ya yi sako-sako zai ji, inda ya yi tauri zai ji, alhali ido bai ga komai ba. Haka in an fara saƙar. Ya taka mataki, zare ya buɗe baki, ya wurga ƙoshiya, ya jawo matsefi ya buga. In ya ja zaren ƙoshiya da ƙarfi, gefen ƙyallen zai tsuke ya yi ƙugu. In ya sake shi, gefen zai yi kunnuwa. Bugun safe da na yamma ma ba ɗaya ba ne, domin hannun da ya gaji ba ya buga matsefi kamar wanda ya huta, kuma ƙyallen ba ya rufa wa kowa asiri. A wajen kaɗi ma haka: murɗi ya yi kaɗan zare ya tsinke mazari ya faɗi ƙasa, murɗi ya yi yawa zare ya ƙanƙance ya nannaɗe kansa. Tsakanin biyun nan akwai wani ɗan wuri da yatsu ke ganowa bayan sun ɓata ulu mai yawa.

Ɓatawar nan ita ce inda hankalina ya fi tsayawa. Tuwon koyo ba ya rasa gudaji, kowa ya sani. Abin da ke sa yarinya ta iya shi ne gidan da zai ci tuwon nan da gudajinsa, uba ya sa hannu ya ce ya yi, gobe kuma a sake ba ta tukunya da gari. Gidan da ake ƙwace muciya tun ranar farko saboda tsoron asarar gari, 'yarsa za ta yi aure ba ta iya ba. Ƙungiyoyin nan sun ɗauki nauyin zama irin gidan farko. Suna da kayan saƙa da ake ba mamba haya ya tafi da su gida, don kada mutum ya kashe kuɗi mai yawa kafin ya san ko zai ɗore. Suna da ɗakin littattafai, da tarin zaren da tsofaffin mambobi suka bayar. Ƙyallen farko na gwaji ne, ba wanda ke jiran a kai shi kasuwa. Kuma a ɗakin akwai wadda ta shekara talatin tana saƙa, za ta leƙo ta ce, "Zarenka na gefe ne ya saki, ga yadda ake ɗaure shi." Bidiyon intanet na da amfani, ba na raina shi, amma ba ya ganin hannunka balle ya gyara maka riƙo.

Mu kuwa ba baƙin wannan sana'a ba ne. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufa. Ya ƙiyasta cewa kayan da ake kaiwa Tumbuktu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara, kuma ya lura aikin ba a manyan masana'antu ake yin sa ba, a cikin gidaje ne, iyali na tare. Mata ke gurzar auduga su fid da angurya, su yi shiɓa, su shafa alli a yatsu su kaɗa zare da abawa. Maza ke zaune a rumfa, zaren wadari ya miƙe gabansu da nisa, kunkurun da ke danne zaren na matsowa a hankali, ana fitar da ƙwarya mai faɗin tafin hannu da za a ɗinke ta zama riga ko gwado. Mata kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye mai fitar da ƙyalle mai faɗi. A Kura ana saƙa siririn turkuɗi, a rina shi da baba, a buge shi har ya yi sheƙi, Buzaye su saya su naɗa. Akwai saƙi, akwai barage, akwai tsamiya da ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa shi da ruwan toka kafin ya kaɗu. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, har yau yana aiki. Ko da Turawa suka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902 don ciyar da masana'antun Manchester, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sun sha wahalar samun audugar, domin masaƙan gida suna sayen ta da tsadar da ta fi tasu.

Duk wannan ilimi ta gado yake tafiya. Yaro na tashi a gindin rumfa, ya fara da naɗa kwarkwaro, ya bi uba wajen wadari, wata rana a ɗaga masa ya zauna ya saƙa fari. Ba a kira shi makaranta ba, amma madafa ce cikakkiya, da uba a tsaye a baya da zaren da aka yafe a ɓata. Sannan ga sarkin masaƙa da sarkin marina masu kula da 'yan sana'a da sasanta su.

Yau hanyar gadon ta ƙuntata. Zaren inji ya fara kashe kaɗi, yadin kanti ya biyo baya. Masaƙun zamani ma da suka zo, irin Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, ba su tsira ba: ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi ta a 2007. Ɗan masaƙi ya ga abin da uba ke samu, ya ga abin da ɗan acaɓa ke samu, ya zaɓa, kuma ban ga laifinsa ba. Sai aka wayi gari ga dattijo mai ilimi babu magaji, ga kuma matasa a birni, ɗaliban zane da teloli da masu sayar da kayan gargajiya ta waya, masu son koyo amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Mai muciya na gefe guda, mai son tuƙi na gefe guda, babu madafar da ta haɗa su.

Na san abin da za a ce in na ce mu ma mu buɗe irin ɗakin ƙungiyoyin Amurka da Birtaniya. Waɗancan mutane ne da cikinsu ya ƙoshi, saƙa nishaɗi ce a gare su, namu kuwa abinci yake nema. Gaskiya ne, kuma saboda haka ne bai kamata a nemi masaƙinmu ya koyar kyauta ba. A can ma mai koyo ke biya, malami ya karɓi ladansa. Yinin Asabar da dattijo zai ba mutum biyar, kowa ya biya kuɗin zama da na zare, yana iya fin abin da zai samu a saƙar yinin. Za a kuma ce yawancin masu zuwa ba za su zama masaƙa ba. Haka ne, amma wadda ta taɓa tuƙa tuwon gidan biki ba ta raina mai dafa shi. Wanda ya yini yana fama da taku ɗaya na ƙyalle, in ya je sayen gwado ba zai taya shi da kuɗin bargon kanti ba, kuma zai iya bambance saƙar hannu da ta inji. Sana'a na buƙatar masu saye masu ido kamar yadda take buƙatar masu yi. Wanda kuma ke tsoron fitar da sirrin gidansu, ya duba ya gani ko akwai wanda zai riƙe sirrin bayansa.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Kayan saƙarmu itace ne da igiya da gora, kafinta na unguwa zai haɗa su. Rumfa ce, da masaƙa huɗu ko biyar, da rana tsayayya a mako da kowa ya sani, da zaren da aka ware don ɓatawa. A ware wa mata lokacinsu da malamarsu, domin kaɗi ya fi komai kusa da ɓacewa, masu yin sa galibi tsofaffi ne.

Kirana ga sarakunan masaƙa da na marina, da ƙungiyoyin 'yan sana'a a Kano da Kura da Zariya da Damagaram, su sa rana su buɗe wa waɗanda ba su gada ba. Malaman makarantun sana'a su kai ɗalibansu rumfa, su biya masaƙi haƙƙinsa. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwa a danginku da ta iya kaɗi, ka sayo auduga da mazari, ka kai mata jikokinta su zauna kusa da ita tun tana da ƙarfin yatsu.