Hayaƙin Motarka Shi Zai Faɗa Maka Ciwonta

Daga shirin direbobi da 'yan kasuwa na wannan mako.

Jama'a, mai tsohuwar mota da ke jigilar dabbobi ko hatsi daga Tempane zuwa Garu, Bawku ko Sankase ya san dokar Gana: motar haya sai hukumar DVLA ta duba ta duk wata 6, ta gida kuwa sau ɗaya a shekara. Motar da ke turnuƙe hanya da hayaƙi tana iya dawowa ba takarda. Kun ga an yi asarar kuɗin mai da ranar kasuwa.

To, kafin ka kama hanyar Bolgatanga, tayar da inji ka dubi bakin salansa.

Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska. Canza ta, a wanke nozul, in ta fetur ce a sa sababbin fulogi.

Shuɗin hayaƙi: inji na shan baƙin mai, ringi ya cinye. Wannan sai bakanike ya buɗe inji.

Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi: ruwa na shiga inji, gasket ya ƙone. Kar ka ƙara tafiya da ita.

Ranar gwaji, juye tsohon baƙin mai, ka guji man kwalba na bakin hanya, ka je da inji da zafinsa. Wanda ya gyara tun a gida, sau ɗaya zai biya.