Hannu ɗaya a aljihu: Yadda gwanayen wasan harbi ke samun saiti

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, ɗan Turkiyya Yusuf Dikec, mai shekara 51, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar wasansa a harbi da ƙaramar bindiga, hannunsa ɗaya a aljihu. Wasu sun ɗauka isa ce, alhali dokar wasan ce ta ce a harba da hannu ɗaya. Ana ajiye ɗayan ne don kada jiki ya motsa.

Daga nisan mita 10, faɗin da'irar maki goma milimita 11.5 ne kacal. Shi ya sa ɗan wasa ke tsayar da numfashi, ya kafe wuyan hannu, ya matsa kunama a hankali ba tare da fizga ba.

A wasan mita 25 kuwa, bindigar kan yi tsalle bayan kowane harbi, ga shi akwai zagayen da ake harbi biyar cikin daƙiƙa huɗu. Wanda tsoron tsallen ya sa ya danne hannu kafin harsashi ya fita, ƙasa zai harba. Gwanaye ba sa canza ƙarfin riƙonsu, sukan bar bindigar ta dawo kan saiti da kanta.