Motar Da Ake Kwana A Cikinta: Me Za Ka Duba Kafin Ka Sayi Ta Farko?

 Yau hirarmu a kan motar nan ce da kuke gani a YouTube da TikTok, mai gado da kicin da banɗaki a ciki. A Amurka RV suke ce mata, kuma akasarinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. Idan kana zaune can kana son ka sayi ta farko, wacce za ka ɗauka? Shawarata ita ce, kar kujeru da labule su ruɗe ka. Fara da duba nauyi.

Gida biyu ne. Akwai mai injin kanta, akwai wadda ake ɗaura wa wata mota ta ja. Masu injin sun kasu uku. Rukunin A kamar babbar bas take, tsawonta na iya kai ƙafa 45, kuma galan ɗaya na mai da ƙyar yake kai ta mil 10. Rukunin B ita ce ƙarama, ana gina ta a jikin Mercedes Sprinter ko Ford Transit, tana shiga wajen fakin kusan kamar kowace mota, sai dai ciki a matse yake. Rukunin C tsaka-tsaki ce, za ka gane ta da gadon da ke saman kan direba. Waɗanda ake ja kuwa sun fi sauƙin kuɗi, amma sai kana da a-kori-kura ko jif mai ƙarfi.

To ina maganar nauyi ta shigo? Kowace irin wannan mota tana da 'yar takarda manne a jikinta, an rubuta GVWR. Wannan shi ne iyakar nauyin da aka yarda ta kai gaba ɗaya, wato nauyin ita kanta motar har da kai, iyalinka, kaya da ruwa. Ruwa fa yana da nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin lita 150 ya cinye maka kilo 150 tun ba ka saka tukunya ba.

Wadda ake ja ta fi buƙatar lissafi. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta yana sauka ne a bayan motar da ke jan ta. Wato idan ta kai kilo 3,000, to kilo 300 zuwa 450 na danne bayan motarka, ga kuma fasinjoji. Idan ka wuce ƙa'ida, birki ba zai kama da wuri ba, kuma tana iya fara kaɗawa hagu da dama a kan babban titi. Wallahi nan ne rayuka ke salwanta.

Lasisi ma da nauyi yake tafiya. A yawancin jihohin Amurka lasisin ƙaramar mota ya wadatar, amma a wasu kamar Texas, idan ta haura fam 26,000 sai da lasisi na daban. A Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1997 zuwa yau, kilo 3,500 ne iyakarsa da lasisin da aka saba.

Idan ta hannu za ka saya, babban abin tsoro shi ne yoyon rufi. Taka ƙasan cikinta ko'ina, in ka ji laushi, ruwa ya riga ya ruɓar da katako. Duba tayoyi, lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu suna nuna mako da shekarar da aka yi su. Taya na iya tsufa alhali zanenta bai goge ba.

Sannan ka tuna, tanki uku gare ta: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Kai da hannunka za ka riƙa juye na ukun a wurin da aka tanada. Wannan ba sa nuna shi a bidiyo, ko?

Shi ya sa ni nake cewa, kafin ka zuba kuɗinka, yi hayar guda na kwana uku ko mako, a Cruise America ko Outdoorsy. Ka tuƙa ta, ka yi baya da ita, ka kwana a ciki da mutanen da za ku riƙa tafiya tare. Gani ya kori ji.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.