Gwajin Ƙarfi da Tsamin Jiki a Wajen Dattawa

Masana motsa jiki kan auna ƙarfin mutum da nauyi mafi girma wanda zai iya ɗagawa sau ɗaya tak. Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan hanya tun 1945. Abin tambaya shi ne, ko za a iya dogara da ita a wajen dattawa?

Amsar ita ce ana iyawa, amma ba a karon farko ba. Dattijon da bai saba da ƙarfe ba yakan ɗaga ƙasa da iyawarsa, saboda ɗari-ɗari da rashin sanin makama. Bayan kwanaki kaɗan sai a ga ya ƙara, alhali tsokarsa ba ta sake ba. Ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyi suka koyi aikin. Ko a binciken da Walter Frontera ya yi a Jami'ar Tufts a 1988, kan maza 12 masu shekara 60 zuwa 72, ƙarfin cinya ya ninka cikin mako 12, amma kaurin tsoka wajen kashi ɗaya cikin goma kurum ya ƙaru. Saboda haka wanda ya kafa hujja da gwajin farko zai yaba wa horo ko magani fiye da kima.

Sai batun tsamin jiki, wanda yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, musamman bayan sauke nauyi a hankali. Gwaji cikin wannan lokaci yakan rage maki, don haka akan dakata sai ya lafa. A karo na biyu kuwa tsamin yakan yi sauƙi, domin tsoka ta riga ta saba.