Zaren Da Ya Ƙi Narkewa: Ina Za A Kai Tsofaffin Jiragen Sama?

A cikin shekarar 2023 ne ma'aikata suka shiga kwance waɗansu jiragen sama biyu samfurin Boeing 787 a filin jirgin saman Prestwick da ke Sikotilan, bayan sun kai wajen shekara goma da ƙerawa. Kayan gyaran da ake cirewa daga irin waɗannan jirage ba sa rasa masu saye. Gangar jikin ita ce alaƙaƙai.

Dalili kuwa shi ne, a da da alminiyam ake ƙera jikin jirgi, ƙarfen nan da masu zubin tukwane ke narkarwa su sake shi yadda suka ga dama. Amma rabin nauyin 787, wanda ya fara aiki a 2011, wani haɗi ne wanda akasarinsa zaren kabon ne da aka daskare cikin gam. Zaren bai kai gashin kai kauri ba, ga rashin nauyi, ga ƙwari, saboda haka jirgin ba ya shan mai da yawa. Sai dai gam ɗin in ya sandare ya sandare ke nan, wuta ba ta mai da shi ruwa. Shi ya sa aka daɗe ana binne ragowarsa a juji, alhali kuwa zare ne mai tsada, wanda yin sabonsa ke cin wuta ainun.

Dabarar da aka fi bi ita ce a daddatsa kayan, a zuba cikin tanderu mai zafin digiri 500 ko kusa da haka, a tauye masa iska. Gam ɗin sai ya bi hayaƙi, zaren ya saura da mafi yawan ƙwarinsa. A 2018 kamfanin Boeing ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin ELG Carbon Fibre na Ingila, domin sarrafa yanke-yanken da ke saura a masana'antunsa 11. Kafin nan, a 2013, kamfanin BMW na Jamus ya fitar da motar i3, wadda aka yi rufinta da irin wannan ragowa.

To, amma da sauran rina a kaba. Zaren da aka ceto gajere ne, a cukurkuɗe yake kamar auduga, fiffiken jirgi kuwa sai da dogon zare da aka jera shi bi da bi. Don haka ba ya komawa inda ya fito, sai dai a yi sassan mota da murfin kwamfuta da shi.

Jiragen 787 da aka ƙera sun haura dubu, kowannensu kuma ranar ritayarsa na tafe. Muddin ba a samar wa gajeren zaren nan kasuwa mai faɗi ba, juji ne makomar yawancinsa. Hakkin nemo kasuwar yana wuyan kamfanonin da suka ci ribar sabon zaren, domin kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.