Neman Alamar Tarin Fuka a Cikin Jini

Ƙwayoyin halittar jikinmu kan saki wasu mitsitsin ƙunshi cikin jini, ɗauke da furotin. Masana kan tace ƙunshin, su daddatsa furotin, su auna nauyin kowane gutsure da na'urar mas-sifektiromita, domin nauyin ke nuna asalinsa. Ta haka masu bincike na Jami'ar Jihar Kolorado, Amurka, suka gano furotin na ƙwayar tarin fuka a jinin majinyata a 2014. Muna ganin ƙananan yara za su fi amfana, tunda fitar da kaki yana yi musu wuya.

Sai dai aikin yana matakin bincike. Muna roƙon dagatai su sanar cewa wanda ya yi mako 2 yana tari ya je asibitin gwamnati a gwada kakinsa kyauta.